Yadda Wasan Ɗauki-Ka-Miƙa Ke Raya Kasuwar Katunan Tarawa

A kowace ranar Jumma'a da dare, a kantunan sayar da kayan wasa na biranen Amurka da Turai da Japan, akan ga mutum takwas sun kewaye tebur guda, kowannensu da ƙunshi uku na katuna waɗanda ba a taɓa buɗewa ba. Kowa ya biya kuɗinsa kafin ya zauna, kuma babu wanda ya san abin da ke cikin ƙunshin da ya saya. Wannan zama, wanda mai wucewa zai ɗauka hira ce ta masu neman kashe lokaci, yana ɗaya daga cikin ginshiƙan wata sana'a da ta sa kamfanin Hasbro na Amurka ya yi cinikin fiye da dala miliyan 1,000 a cikin shekarar 2022 daga wasa ɗaya tak, watau Magic: The Gathering.

Masu wasan suna kiran wannan zama diraf, amma ba shi da dangantaka da takardar diraf ta banki wadda 'yan kasuwa suka sani. Abin da ake nufi shi ne mutum ya ɗauki kati ɗaya daga ƙunshi ya miƙa sauran ga na kusa da shi, don haka ɗauki-ka-miƙa ya fi bayyana ma'anarsa.

Asalin hajar

Kartar da aka saba gani, ko ta Turai mai kati 52 ko kuwa Whot da ake bugawa a Nijeriya, iri ɗaya ce a kowane kwali. Wanda ya sayi ɗaya ya gama saye har sai ta tsufa. Katunan tarawa kuwa an gina su ne a kan akasin haka. Kamfani yakan buga ɗaruruwan katuna daban-daban, kowane da zanensa da aikin da yake yi a cikin wasa, sa'an nan ya zuba su cikin ƙananan ƙunshi ba tare da mai saye ya san waɗanda suka faɗo masa ba.

Wanda ya ƙago wannan tsari shi ne Richard Garfield, wani masanin lissafi Ba'amurke. A cikin 1991 ya kai wa Peter Adkison, shugaban wani ƙaramin kamfani mai suna Wizards of the Coast da ke yankin Seattle, wani wasan allo da ya ƙirƙira. Adkison ya ga cewa kamfaninsa ba shi da ƙarfin buga wannan, sai ya nemi a kawo masa wasa mai sauƙin ɗauka, mai arhar bugawa, wanda za a iya gamawa cikin 'yan mintoci. Amsar da Garfield ya kawo ita ce Magic, wanda ya shiga kasuwa a watan Agusta na 1993. Kamfanin Carta Mundi na Beljiyam ne ya buga zubin farko, kimanin kati miliyan 2.6, kuma kafin a ankara ya ƙare ƙaf. A lokacin ana sayar da ƙunshi mai kati 15 a kan dala 2.45.

Ba a buga katunan daidai wa daida. A ƙunshin wancan zamani akwai kati 11 na gama-gari, 3 matsakaita, da 1 mai wuyar samu. Daga 2008 aka ƙara wani mataki na masu tsananin wuyar samu, wanda a lokacin yakan fito a kusan ƙunshi ɗaya cikin takwas. Wannan rabo shi ne tushen farashi, domin kuɗin takarda da tawada duk ɗaya ne, ƙarancin kati da amfaninsa a wasa su ne ke sa a yi ta rububinsa.

Sauran kamfanoni ba su ɓata lokaci ba. Katunan Pokémon sun fito a Japan a 1996, kuma Wizards of the Coast ne ya fara buga su da Turanci a farkon 1999. A wannan shekarar ce kamfanin Konami ya fitar da Yu-Gi-Oh a Japan, kuma a watan Satumba nata Hasbro ya sayi Wizards of the Coast a kan kimanin dala miliyan 325.

Matsalar mai kuɗi

A ainihin wasan Magic mutum biyu ne ke karawa, kowa da damin katunansa da maki 20 na rai, kuma wanda ya fara ƙarar da makin abokin karawarsa shi ya ci. Katunan sun kasu launi biyar, fari da shuɗi da baƙi da ja da kore. Akwai kuma katunan ƙasa, waɗanda su ne ke samar da makamashin da ake biya kafin a yi amfani da sauran katuna.

A tsarin da aka fi sani, mutum yakan shirya daminsa tun daga gida, mai aƙalla kati 60, kuma ba a yarda ya sa fiye da kwafi 4 na kati ɗaya ba, in ban da katunan ƙasa na gama-gari. A nan ne matsala ta taso tun da wuri. Wanda ya fi kuɗi yakan sayi katunan da suka fi ƙarfi, har dami ɗaya na gasa yakan ci ɗaruruwan daloli. Sabon shiga da ya zo da 'yan katunansa sai ya sha kashi sau biyu ko uku, ya tattara ya daina zuwa. Ga kamfani wannan babbar asara ce, domin kasuwar da ba ta samun sababbin masu saye tana kan hanyar mutuwa.

Maganin da aka samo shi ne ƙayyadadden wasa, inda ba a yarda kowa ya zo da kati daga gida ba. Abin da mutum ya samu daga sababbin ƙunshi a wurin zaman, da shi zai kara. Ya kasu gida biyu. A na farko akan ba kowa rufaffun ƙunshi 6, ya buɗe, ya haɗa dami mai aƙalla kati 40 daga abin da ya faɗo masa. Wannan shi ake yi a bikin gabatar da sabon zubi, kimanin mako ɗaya kafin ya shiga kasuwa sosai, kuma sa'a tana da babban rabo a cikinsa. Na biyu shi ne ɗauki-ka-miƙa, wanda ya fi buƙatar gwaninta.

Yadda ake zaman

Mutum takwas ke zama, kowa da ƙunshi 3. Idan aka ba da izini kowa zai buɗe na farko, ya duba a ɓoye, ya zaɓi kati ɗaya ya kife a gabansa, ya miƙa sauran ga wanda ke hagunsa, shi kuma ya karɓi na wanda ke damansa. Haka za a yi ta zagayawa har ƙunshin su ƙare. Ƙunshi na biyu dama ake miƙa shi, na uku kuma a koma hagu. A tsarin ƙunshi mai kati 15, wanda aka daɗe a kansa, kowa yakan tashi da kati 45. Daga ciki yakan tace kimanin 23, ya ƙara katunan ƙasa kimanin 17 waɗanda kanti ke ba da aronsu, ya cika 40. Sa'an nan a shiga karawa, yawanci zagaye uku.

Gwanintar tana cikin karanta tebur. Galibi launi biyu mutum ke iya haɗawa a dami ɗaya, saboda haka idan maƙwabta biyu suka nufi launi guda dukansu za su tashi da dami mai rauni. Ba a magana a lokacin zaɓe. Abin da mai wasa ke dubawa shi ne irin katunan da ke isowa gare shi. Idan ya ga kati mai ƙarfi na launin kore ya ratsa hannun mutum huɗu ko biyar babu wanda ya ɗauka, ya san waɗanda ke gabansa ba sa neman kore, sai ya karkata can. Har ila yau, ƙunshin da ya buɗe da kansa yakan dawo masa bayan ya zagaya tebur, da kati 7 a ciki idan ƙunshin mai kati 15 ne, kuma daga abin da aka kwashe zai gane inda sauran suka dosa. Ɗan kasuwar da ya saba lura da hajar da ke kwantai da wadda ake wawaso a kasuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai kuma wata jarrabawa da kan taso. Wani lokaci ƙunshi yakan zo da kati mai tsada a kasuwa wanda ba zai taimaki damin mutum ba, tare da wani mai arha wanda zai iya ba shi nasara. Tun da a yawancin kantuna abin da mutum ya zaɓa nasa ne ya tafi da shi gida, sai ya auna tsakanin ribar hannu da kyautar gasa. Da yawa sukan ɗauki mai tsadar, musamman idan kuɗinsa ya zarce abin da suka biya na shiga.

Lissafin mai kanti

Ga ɗan kiri, amfanin wannan zama a bayyane yake. Tebur ɗaya yana cinye ƙunshi 24 a dare guda. Shekara da shekaru kwalin sari yana ɗauke da ƙunshi 36, watau tebur ɗaya ya kwashe kashi biyu cikin uku na kwali, kuma masu kanti da yawa sukan raba sauran a matsayin kyauta ga waɗanda suka yi nasara. Kuɗin shiga yakan ƙunshi farashin ƙunshi ukun da ɗan ƙari na kyautar.

Ribar da ke kan ƙunshin kanta ba ta da yawa, domin manyan shaguna da masu sayarwa ta intanet sukan karya farashi. Abin da ƙaramin kanti ke da shi wanda su ba su da shi shi ne tebur da kujeru da jama'a. Mutum ba zai iya yin ɗauki-ka-miƙa shi kaɗai ba, sai ya nemi wasu bakwai, kuma a kanti ake samunsu. Wanda ya zo ya zauna awa uku ko huɗu yakan sayi rigunan roba na kare katuna da abin sha, ya kuma sayar wa mai kanti katunan da ba ya so a farashi mai rahusa, shi kuwa mai kanti ya jera su a gilashi ya sayar da riba. Wizards of the Coast ya gane haka, shi ya sa tun shekarar 2000 yake ɗaukar nauyin shirin wasan daren Jumma'a, yana aika wa kantunan da suka yi rajista katunan kyauta na musamman.

Abin da kamfani ke samu

Kati ba abinci ba ne, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Wanda ya shirya dami daga gida yana iya yin wata da watanni bai sayi komai ba. Ƙayyadadden wasa shi ya mai da haja mai ɗorewa ta zama abin da ake cinyewa, domin ƙunshin da aka buɗe ya gama aikinsa, mako mai zuwa sai an sayi sabo. Bugu da ƙari, ya ba katunan gama-gari daraja. Mai neman kati mai tsada yakan watsar da goma sha huɗu ya riƙe ɗaya, amma a teburin zaɓe katunan gama-gari su ne ƙashin bayan dami.

Saboda haka ne kamfanin ya sake yadda yake tsara hajarsa. Zubin Mirage na 1996 shi ne na farko da aka tsara da niyyar ya dace da ƙayyadadden wasa, watau a daidaita ƙarfin launuka, a kuma tabbatar kowane launi yana da isassun katunan da za a iya kafa dami da su. A wannan shekarar aka fara gasar ƙwararru mai kyautar kuɗi a birnin New York, kuma ba a daɗe ba aka shigar da zaɓen cikinta. Har zuwa yau yana cikin abin da ake gwada ƙwararru da shi a manyan gasa.

Kasuwar hannu na biyu

Kowane tebur na ƙunshi mai kati 15 yana sakin kati 360 zuwa hannun jama'a. Idan aka tara na dubban kantuna mako bayan mako, za a ga cewa zaɓen yana cikin manyan hanyoyin da katuna ke kwarara zuwa kasuwar hannu na biyu. Zubin da aka fi son zaɓensa akan buɗe shi da yawa, sai katunansa su yawaita, farashinsu ya sauka. Wanda ba a so kuwa akan buɗe kaɗan, sai 'yan katunansa masu amfani su yi tsada daga baya. Kamfanin ba ya samun kwabo daga wannan ciniki na biyu, amma yana amfana da shi, domin tsadar kati a can ita ke sa mutane sayen rufaffen ƙunshi a nan.

Girman wannan kasuwa ya fito fili a 2022, lokacin da eBay ya sayi TCGplayer, wata kasuwar katuna ta intanet, a kan kuɗin da aka ce zai iya kaiwa dala miliyan 295. Wani kati na zubin farko mai suna Black Lotus an yi gwanjonsa a kan dala 511,100 a watan Janairu na 2021. A 2023 kuma kamfanin ya buga wani kati kwafi ɗaya tak a zubinsa na The Lord of the Rings, wanda mawaƙin nan Post Malone ya saya a kan dala miliyan 2.

Sai dai inda riba take nan haɗari yake. A farkon shekaru kayan ba sa isa, don haka masu kanti suka koyi yin odar fiye da abin da suke buƙata, suna sa ran za a rage musu. A ƙarshen 1994, da aka fitar da zubin Fallen Empires, sai kamfanin ya cika wa kowa odarsa. Kaya suka yi kwantai, aka shafe shekaru ana sayar da su ƙasa da farashi, jarin masu kanti ya maƙale. A 1995 kuma zubin Chronicles ya sake buga tsofaffin katuna masu tsada, darajarsu ta faɗi, masu tarawa suka fusata. Domin kwantar da hankali, a 1996 kamfanin ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai ƙara bugawa ba. Wannan tsoro bai gushe ba. A watan Nuwamba na 2022 masu nazari na Bank of America sun rage darajar da suke ba hannun jarin Hasbro, bisa dalilin cewa yana buga katuna fiye da kima, kuma farashin hannun jarin ya faɗi a ranar.

Batun caca

Tun da mai saye ba ya ganin abin da ke cikin ƙunshi, wasu suna ganin cinikin biri a sama ne, har ma suna danganta shi da caca. A dokokin Magic na farko akwai sharaɗin kowane mai wasa ya ajiye kati ɗaya wanda mai nasara zai kwashe. Bayan 1995 kamfanin bai ƙara buga katunan da suka shafi sharaɗin ba. A Amurka wasu iyaye da masu saye sun kai kamfanonin katuna ƙara, amma a 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da ƙarar, tana mai cewa masu sayen sun sami abin da suka biya kuɗi dominsa, watau katuna tare da damar dacewa da mai tsada. A Beljiyam kuwa, hukumar kula da caca ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a cikin wasu wasannin kwamfuta caca ne. Hukuncin bai shafi katunan takarda ba, amma ya nuna cewa ra'ayin hukumomi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙayyadadden wasa yana ba kamfanoni hujjar cewa ƙunshi kayan wasa ne wanda kowane kati a cikinsa ke da aiki.

Sauye-sauyen baya-bayan nan

Zaɓen ya shiga kwamfuta tun 2002 ta hanyar Magic Online. Daga baya aka buɗe Magic Arena ga jama'a a 2018, inda da farko mutum ke zaɓe tare da kwamfuta. A watan Afrilu na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka dakatar da wasa a kantuna, aka fara haɗa mutum takwas na gaske a tebur ɗaya ta intanet. Wannan ya sauƙaƙa wa mai wasa, amma ya raba mai kanti da wani ɓangare na cinikinsa, domin kuɗin kai tsaye yake tafiya ga kamfani.

A ɓangaren takarda ma an ga canji. A 2019 aka fito da ƙunshi mai tsada na masu tarawa, a 2020 kuma aka ƙara wani na masu son buɗewa kawai, wanda ba a iya zaɓe da shi. Wannan na biyun ya fi na zaɓe kasuwa nesa ba kusa ba, har masu kanti suka rasa wanda za su zuba jari a kai, kuma kamfanin da kansa ya yarda cewa makomar zaɓen ta shiga haɗari. Saboda haka daga watan Fabrairu na 2024 aka haɗe biyun suka zama ƙunshi ɗaya mai katin wasa 14. Yanzu mai zaɓe yana tashi da kati 42, farashin ƙunshi ya haura dala 5 bayan ya daɗe a kan dala 3.99, kuma daga 2025 kwalin sari ya koma ƙunshi 30. Ga mai kanti, abin da ke saura bayan tebur ɗaya ya ragu daga ƙunshi 12 zuwa 6.

Masu wasa su ma sun samo hanyar rage kashe kuɗi. Wasu sukan tara kati 360 ko fiye na kansu, su cakuɗa, su raba su ƙunshi-ƙunshi, su yi zaɓe, in an gama a mayar da su akwati domin wani lokaci. Babu sabon ciniki a cikin wannan, amma yana riƙe mutane a cikin wasan. Wasu kamfanoni kuma, kamar masu Flesh and Blood na New Zealand da ya fito a 2019, da Star Wars: Unlimited na 2024, sun tsara ƙunshinsu tun daga farko domin a iya zaɓe da su.

Kasuwar dai ba ta nuna alamar ja da baya ba. Hasbro ya bayyana cewa zubinsa na Final Fantasy, wanda ya fito a watan Yuni na 2025, ya yi cinikin dala miliyan 200 a rana ɗaya. Amma wani ɓangare na irin wannan kuɗi daga masu tarawa yake fitowa, waɗanda sha'awarsu kan tashi ta kuma kwanta, kamar yadda masu kanti suka gani a 1994. Mutum takwas da ke dawowa kowace Jumma'a su sayi ƙunshi 24 su ne cinikin da mai kanti zai iya lissafawa tun kafin wata ya kama, kuma da su yake biyan kuɗin haya. Abin da masu zuba jari da 'yan kiri za su ci gaba da sa wa ido shi ne ko ƙarin farashi da yawan sababbin zubi za su bar wa waɗannan mutane ƙarfin ci gaba da zama a tebur.